Yaro ɗaya, jarabawa huɗu, ga kulob ga lesin, yaushe zai yi barci?

Kwanakin baya na biya gidan yayata da daddare, goma ta wuce, na tarar da 'yarta a falo ta tasa kwamfuta a gaba ido ya yi ja. Na ce ke lafiya ba ki kwanta ba, ta ce "Kawu rahoto nake rubutawa na ziyarar da muka kai gidan marayu, dole in tura kafin sha biyu, kuma gobe muna da gwajin kemistiri." Na tambaye ta sun daɗe a gidan marayun? Ta yi dariya ta ce ina fa, an sauke katan-katan na taliya da sabulu, an jera an yi hoto, aka koma mota saboda direba yana sauri. Wato rahoton da take rubutawa kan darasin rayuwa da ziyarar ta koya mata ya fi ziyarar kanta cin lokaci. Uwar kuwa tana gefe sai yabon makarantar take, wai su ba karatu kaɗai ba ne, komai da komai suna koya wa yaro.

Abin ya tsaya min a rai. Ba don yarinyar tana shan wahala ba, wahalar karatu ai ba yau aka fara ba, mu ma mun sha tamu da fitilar ƙwai. Abin da ya dame ni wahalar ce ba riba. Ba ta karanta kemistirin ba, ba ta taimaki marayun ba, ba ta yi barci ba. Uku babu.

Makarantun nan da ake ce wa intanashinal, masu bin manhajar Cambridge ta Ingila ko IB (International Baccalaureate, wata manhaja ta ƙasa da ƙasa) ko ta Amurka, abu biyu suke sayar mana a lokaci guda. Na farko karatu mai tsauri da zai kai yaro jami'ar da ake buri. Na biyu gina yaro ta kowane ɓangare, wasanni, zane, muhawara, shugabanci, hidimar jama'a. Ni duka biyun ina so. Inda muka raba gari shi ne yadda ake haɗa su, don abin da nake gani ɗorawa kawai ake yi, makaranta ta ɗora, iyaye su ɗora, ba mai cire komai.

Matsayata ita ce ba a daidaita biyun nan sai da ragewa. Duk makarantar da ba za ta iya nuna maka abin da ta cire daga jadawalin yaro don wasanni da hidima su samu wuri ba, talla kawai take maka. Sannan shi wannan ɓangaren na gina yaro, in ba za a yi shi da gaske kamar yadda ake yin lissafi ba, gara a bar shi yaron ya je ya kwanta.

Mu yi lissafin awoyin tukuna

Ɗauki tsarin IB, wanda aka kafa a birnin Geneva na Suwizalan a 1968, shi ake yawan kawowa misali in ana maganar haɗa karatu mai zurfi da gina ɗalibi. Diflomarsu shekara biyu ce ta ƙarshen sakandare, ta 'yan shekara 16 zuwa 19. Darussa shida, uku a babban mataki kowanne awa 240 a aji, uku a ƙaramin mataki kowanne awa 150. In ka haɗa awa 1,170 kenan. Sai wani darasi na daban da suke kira TOK, inda ake zama a yi ta tambayar ta yaya muka san abin da muke cewa mun sani, shi ma aƙalla awa 100. Sai dogon rubutun bincike da ɗalibi zai yi da kansa, har kalma 4,000. Sai CAS, wato ƙirƙira da motsa jiki da hidimar al'umma, wanda ake so a yi ta yi har wata 18.

Maki gaba ɗaya 45 ne, kowane darasi 7, sauran 3 daga TOK da rubutun bincike, kuma ƙasa da 24 babu difloma. Shi CAS ba shi da maki ko ɗaya, amma in ba ka kammala shi ba, babu difloma ko da kai ne na ɗaya a aji.

Abu biyu nake so a lura da su a nan. Waɗanda suka tsara abin sun ƙirga awoyi, kuma sun tsaya a darussa shida. Ba tara ba, ba goma ba. Sun san in suna son yaro ya yi bincike ya yi hidima, dole su ja birki a wani wuri. Su kuma masu A Level na Ingila ma darasi uku yawanci ake ɗauka a shekara biyu.

Na biyu kuma, abin da ba shi da maki amma dole ne, yaro mai wayo ya san yadda zai yi da shi. Zai yi daidai abin da zai sa a sa masa hannu a fom, ya koma kan abin da ke da maki. Ba laifinsa ba ne, kowa a matsayinsa haka zai yi. Aikin makaranta ne ta hana abin ya zama cike fom, kuma nan ne da yawa suke faɗuwa.

Sai kuma namu ƙarin

Wancan lissafin na yaron da IB kaɗai yake yi ne. Namu na Abuja da Kano da Kaduna da Legas ba haka yake ba. A shekarun ƙarshe na sakandare zai rubuta IGCSE ta Cambridge darasi takwas ko tara, zai rubuta WAEC ita ma takwas ko tara kuma duk wajen Mayu da Yuni suke faɗowa, NECO ta biyo baya don ko da an samu matsala, ga JAMB darasi huɗu a kwamfuta. Mai son Amurka a ƙara masa SAT, jarabawar neman shiga jami'o'insu. Kuma manhajojin ba iri ɗaya ba ne, salon tambayar ma daban, amma malami ɗaya ne zai koyar da duka a aji ɗaya cikin zango ɗaya, to me kake zato zai yi in ba ya kwaso tambayoyin shekarun baya ya ce a haddace ba?

Hausawa suka ce taura biyu ba ta taunuwa. Mu huɗu muke cusa wa yaro.

Kalli yininsa. Motar makaranta ta zo wajen shida da rabi, a tashi uku da rabi ko huɗu, a tsaya kulob, a sha cunkoso a hanya, yana isowa mai lesin yana zaune a falo yana jira, in gidan masu kula da addini ne ga Islamiyya ko malamin hadda, bayan isha'i kuma a fara aikin gida da aka bayar a darasi uku ko huɗu waɗanda malamansu ba su yi shawara da juna ba kowa gani yake darasinsa ne kaɗai a duniya. Likitocin barci a Amurka sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10 a dare. Jihar Kalifoniya har doka ta yi, wadda ta fara aiki a 2022, cewa manyan sakandare na gwamnati kar su fara darasi kafin 8:30 na safe. Mu kuma yaron da ya tashi asuba ya kwanta sha biyu shi muke cewa mai ƙoƙari.

"Malam ka bar zancen nan, maki ne ke kai yaro jami'a"

Wannan ita ce amsar da na fi ji, kuma gaskiya akwai hujja a ciki. Uban da ya biya miliyoyi ba don ɗansa ya iya kiɗan jita ya biya ba. Jami'o'in Birtaniya in za su ɗauke ka sharaɗin maki suke sa maka, ka kawo kaza a kemistiri kaza a bayoloji, in ka gaza da mataki ɗaya kujerar likitanci tana iya kuɓucewa, ba ruwansu da cewa kai ne kyaftin ɗin ƙwallon kwando. A nan gida ma haka ne, kiredit biyar har da Turanci da lissafi, sai makin JAMB. A Amurka ma da ake cewa suna duba ɗalibi gaba ɗaya, jami'ar MIT ta dawo da sharaɗin SAT a 2022 bayan ta ɗage shi lokacin korona, a 2024 Dartmouth da Yale da Harvard su ma suka dawo da sharaɗin jarabawa. Don haka duk wanda ya ce maka maki ya daina aiki, bai taɓa cika fom ɗin jami'a ba.

Amma tambayar ita ce me ke kawo makin. Mu a nan mun ɗauka tsaurin karatu shi ne yawan gwaji da yawan awoyi. Gwaji duk Juma'a, gwajin tsakiyar zango, jarabawar gwaji ta ɗaya ta biyu ta uku. Duk ranar da aka yi gwaji ai ba a koyar ba. Ana ta auna yaro ba a ba shi lokacin da zai fahimci abin da ake aunawa.

Singafo ce ta zo ta ɗaya a duniya a lissafi da kimiyya da karatu a gwajin PISA na 2022, wanda ake kwatanta ɗaliban ƙasashe da shi, ba wanda zai ce musu ragwaye. Amma su ne suka cire jarabawa gaba ɗaya a aji ɗaya da aji biyu na firamare tun 2019, kuma zuwa 2023 suka soke jarabawar tsakiyar shekara a duk firamare da sakandare. Dalilin da suka bayar shi ne a samar wa koyarwa lokaci. Ba su sauƙaƙa lissafin ba, awon suka rage.

Ɗaya ɓangaren kuma ga Koriya ta Kudu, inda ranar jarabawar shiga jami'a a watan Nuwamba har jirage ake hana tashi da sauka lokacin gwajin sauraron Turanci, kuma sai da hukuma a birnin Seoul ta sa dokar rufe gidajen lesin da ƙarfe goma na dare don yara su tafi gida. China ma a Yulin 2021 ta haramta lesin na neman riba a manyan darussa. Ƙasashen da suka fi mu nisa a wannan hanyar ta ɗorawa su ne yanzu suke neman hanyar dawowa da ƙarfin doka, mu kuma yanzu muka kama hanyar da gudu muna murna.

Ni a wurina karatu mai tsauri shi ne a ba yaro tambayar da bai taɓa gani ba ya zauna da ita minti arba'in yana fama. Shi ne ya rubuta shafi biyar, malami ya karanta da jan biro ya ce hujjarka ta biyu ba ta tsaya ba, je ka sake. Wannan rubutun binciken na kalma 4,000 in yaro ya yi shi da hannunsa ya fi gwaji ashirin amfani, don a nan zai fara sanin bambancin abin da ya ji da abin da zai iya kafa wa hujja. Amma irin wannan aikin yana son kai a natse da lokaci mai tsawo ba katsewa. Yaron da ke gudu daga kulob zuwa lesin ba zai yi shi ba, zai kwafo ne daga intanet, yanzu ma ChatGPT zai rubuta masa a minti biyu, kuma wallahi na san gidajen da mai lesin ne yake rubutawa ana biyansa daban.

"To ai shikenan, a sassauta, a bar yara su yi wasa kamar Finlan"

Waɗannan su ne ɗaya ɓangaren, kuma su ma ban yarda da su ba. An daɗe ana mana wa'azi da Finlan, ba yawan aikin gida, ba yawan jarabawa, yara suna cikin walwala kuma suna kan gaba. To a duba alƙaluman yanzu. A PISA ta 2006 makin Finlan a lissafi 548 ne, a 2022 ya sauko 484. Masana suna ta jayayya kan dalili kuma ba dalili ɗaya ba ne, amma dai ba za a ci gaba da kawo ta hujjar cewa in an sassauta komai zai gyaru da kansa ba.

Na ga irin yaran da wasu makarantun masu tsada suke fitarwa da sunan gina yaro. Turanci kamar a Landan aka haife shi, in ya tsaya gaban allo yana gabatar da aikin rukuni kan sauyin yanayi sai ka ji kamar ka tafa, amma ka ce ya raba uku bisa huɗu da rabi sai ya fara neman waya. Yana da ƙwarin gwiwa, abin da zai yi ƙwarin gwiwar a kai ne babu. Wannan cuta ce, kuma ta fi ta mai bulala muni ta wani ɓangaren, don shi wannan sai ya shiga aji ɗaya a jami'a zai gane an cuce shi, lokacin kuɗin sun tafi.

Jadawalin sau, karatu da fahimta, rubuta jimla mai ma'ana, waɗannan ba a koyonsu ta aikin rukuni da kwali da almakashi. Maimaitawa suke so, kuma maimaitawa ba daɗi. Ba a yin muhawara mai kyau kan abin da ba a sani ba. Saboda haka a firamare da ƙaramar sakandare ni ina tare da masu tsauri, ba kunya.

Yadda abin yake asali

Wannan tunanin na haɗa hidima da karatu a makarantun duniya yana da tushe. Akwai wani malami Bajamushe Kurt Hahn, wanda ya bar Jamus a 1933 bayan ya soki Hitler an kulle shi. Shi ya kafa makarantar Gordonstoun a 1934, yana cikin waɗanda suka assasa lambar yabo ta Duke of Edinburgh a 1956, kuma da shi aka kafa Atlantic College a gaɓar teku a yankin Wales a 1962, ɗaya daga makarantun farko da suka fara gwada IB.

Ka san mene ne hidimar al'umma a Atlantic College a wancan lokacin? Ceto a teku. Ɗalibai 'yan shekara sha bakwai su ne suka riƙa shiga kwalekwalen ceto in ruwa ya ci mutum. A ƙoƙarin samun kwalekwalen da zai jure wannan tekun ne ɗalibai da shugaban makarantar Desmond Hoare suka ƙera irin mai ƙasan katako da gefen roba mai iska, wanda yau masu ceto da sojojin ruwa a duniya suke amfani da irinsa, kuma aka sayar wa hukumar ceto ta Birtaniya haƙƙin mallakarsa a kan fam ɗaya. A Gordonstoun kuma ɗalibai suna da rukunin kashe gobara na gaske.

Abin da ya sa wannan yake gina mutum shi ne akwai wanda ya dogara da kai. In ka yi lalaci a atisaye wani zai iya mutuwa. Ba hoto ake nema ba. Hidimar tana da tsauri daidai da fiziks, wataƙila ma ta fi.

Ba sai mun je Wales ba ma. Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920, wadda ta zama Barewa daga baya, wasanni suna cikin jinin tsarinta, kuma Sardauna Ahmadu Bello da ya yi karatu a can bai bar wasan fives ba, wato buga ƙwallo da hannu a jikin bango, har yana Firimiya, har yau ana buga shi a wasu garuruwan Arewa. Abin da yaro ya yi shekaru yana yi da gaske shi ke binsa har tsufa. Kulob takwas da ya leƙa kowanne sau biyu don a rubuta a takardar neman jami'a, ko sunansu ba zai tuna ba.

In kuma kana son ganin ƙarshen wannan hanyar ta tara ayyuka don takarda, tuna badaƙalar da ta fashe a Amurka a 2019, inda wani mai suna Rick Singer ya riƙa karɓar maƙudan kuɗi daga attajirai da 'yan fim yana shigar da 'ya'yansu manyan jami'o'i a matsayin 'yan wasa, har ana haɗa hoton kan yaro da jikin wani ɗan wasa, yaron da bai taɓa yin wasan ba. Iyaye sun je gidan yari a kai. Mu ba mu kai nan ba, amma yaron da aka koya masa ya rubuta cewa ziyarar minti ashirin ta canza rayuwarsa, me aka koya masa in ba ƙarya mai tsari ba? Kuma da sunan tarbiyya.

Da makarantar za ta ce kowane ɗalibi ya ɗauki yaro ɗaya a firamaren gwamnati da ke bayan katangarsu, duk Asabar awa ɗaya har shekara, a ƙarshe a zo a ga ko yaron nan ya iya karatu, to wannan hidima ce. Akwai wanda yake jiranka, akwai sakamako, akwai ranar da ba ka jin zuwa amma dole ka je. Amma fa sai an cire wani abu ranar Asabar ɗin, kuma abin da za a cire shi ne lesin, nan ne iyaye za su fara kiran waya.

"Wannan ai matsalar masu kuɗi ce"

E, haka ne. A ƙasar da UNICEF ke cewa yara sama da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta, yawancinsu kuma a Arewa, mutum zai iya jin haushin ana ɓata tawada kan yaran da ake kai wa makaranta a mota mai sanyi. Na fahimta.

Sai dai abin ba ya tsayawa a can sama. Zaga unguwa ka ƙirga makarantun da suka rubuta intanashinal a allonsu, gida mai ɗaki huɗu an mai da shi makaranta, ba fili ba ɗakin gwaje-gwaje. Su me suke kwaikwaya? Ba karatun ba, don malamin da zai koyar da shi tsada gare shi. Kwalliyar suke ɗauka, ranar al'adu, ranar sana'a a sa wa ɗan naziri rigar likita, bikin yaye 'yan aji uku da hula da alkyabba, kowanne da kuɗinsa a kan uba ɗan albashi. Abin da manya suka mayar ado shi ƙanana suke sayarwa a matsayin ilimi. Sannan waɗancan yaran na mota mai sanyi, mu so mu ƙi, da yawansu su ne za su dawo su riƙe ma'aikatu da bankuna da kujerun siyasa, to ina ganin ya shafe mu ko sun taɓa yi wa wani hidima ta gaske.

Akwai wani abu ma da ke ba ni mamaki. Makaranta ta ce tana gina yaro ta kowane ɓangare, amma ta ci shi tara in ya yi Hausa a harabarta. Yaro ya iya gaisuwa da Faransanci da Sifaniyanci, a kai shi gaban kakarsa a Gumel ko Maraɗi ya tsaya ƙiƙam yana murmushi, sai uwar ta riƙa fassara. Alhali shi tsarin IB da kansa ya buɗe ƙofa ɗalibi ya karanci adabi da harshen uwarsa ko da makarantar ba ta da malamin harshen. Islamiyya kuma da hadda, waɗanda su ne ainihin inda gidajenmu da yawa suke sa ran tarbiyya, makarantar ba ta ma san da su ba a lissafinta, ita dai ta ba da aikin gida kamar yaron ba shi da wani abin yi daga la'asar zuwa isha'i. Yaron da ya haddace izu goma ai ya yi aikin naci da juriya da ya fi na kowane kulob, amma ba fom ɗin da ake rubuta wannan.

To me za a cire?

Nan ne maganar take da ɗaci, don mu iyaye ne ba ma son a cire. Kuma na san dalili, tsoro ne. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura 1,500. Mutumin da ya sa ɗansa a manhajar Cambridge da niyyar Ingila ya wayi gari kuɗin da ya tanada ba za su kai shekara ɗaya ba. Dole ya ce a haɗa da WAEC da JAMB ko da za a dawo BUK ko ABU. Ban ga laifinsa ba.

Amma ko a nan akwai abin ragewa. In an yi WAEC, NECO ta mece ce ga yaron da malamansa sun san zai ci? In an san tun aji uku na ƙaramar sakandare cewa aljihu ba zai kai waje ba, me ya sa za a biya kuɗin IGCSE darasi tara da fam, don kawai a ce ya yi? Jami'o'i da yawa a Birtaniya suna karɓar WAEC don shiga shekarar share fage, wasu ma suna karɓar kiredit ɗin Turancinta a maimakon jarabawar Turanci ta IELTS, ƙofar waje ba ta rufe don ba a yi Cambridge ba. In kuma da gaske wajen za a je, to a bar yaro ya fuskanci manhaja ɗaya ya yi ta da kyau. Shawara ce da ya kamata uba da uwa su zauna su yanke da wuri, su kalli asusunsu da idon gaskiya, ba su bar yaro ya ɗauki nauyin rashin yanke shawararsu ba.

Lesin ma haka. In kana biyan makaranta miliyoyi kuma har yanzu sai ka ɗauko mai lesin a darasi biyar, to ɗaya daga cikin biyun ba ya aikinsa, je ka bincika wanne ne. Lesin na darasin da yaro ya yi rauni ne, na ɗan lokaci, a gyara a sallami malam da godiya.

Ita kuma makaranta, ranar da ka je zagayen gani da ido za su kai ka wurin ninƙaya da ɗakin kwamfuta da filin ciyawar roba. Ka gani ka yaba, sannan ka ce a nuna maka jadawalin mako na ɗan aji biyar, ka tambaya awa nawa na aikin gida ake bayarwa a dare kuma wa ke haɗa lissafin tsakanin malamai. Ka tambaya malamin lissafi na manyan aji shekararsa nawa a makarantar, don inda ake canza malami duk zango ba karatu mai tsauri ba gina yaro, wanda bai san sunan ɗanka ba ba zai gina shi ba. Ka tambaya aikin hidimar da suka yi bara yanzu yana ina, wa ke ci gaba da shi. In firinsifal ya fara duba fuskar mataimakinsa kafin ya amsa, ka karɓi takardar kuɗin makarantar ka ce za ka yi shawara da maman yara.